Jajayen Awakin Aro

Da aka gama cirar auduga a wata hilla, wato ƙauye, kusa da Kamlin, aka saki dabbobi cikin hawasha, gonakin audugar, su ci ganye, sai awaki suka cakuɗe. Ranar rarrabewa wata 'yar akuya ja mai guntun kunne ta rage. Yayayya ce, ba ta bin uwa. Gado ya ce tasa ce, Jibo ya ce tasa ce.

Dattawa suka zauna bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki. Aka kawo akuyar Jibo, ja wur. Aka kawo ta Gado, baƙa mai guntun kunne. Malam Ali, shehun hilla, ya duba sau ɗaya.

"Wagga ba ta son dogon zance. Ja ta haifi ja."

"Malam, a dubi kunne," in ji Gado.

"Ya zol, bawan Allah, mu launi muka gani."

Da kyar Gado ya samu aka ɗage hukunci sai gobe. A hanya ya gane inda matsalar take: awaki uku, biyu jajaye, dole ido ya tsaya kan ja. Ya zarce gidan surukinsa Maliki ya aro jajayen awaki shida.

Da hantsi ya koro su tsakiyar dattawa, wai ruwa suka biyo shi sha. Fili ya yi ja ko'ina. Malam Ali ya nemi akuyar Jibo ya rasa, sai da aka nuna masa.

"Yau kam ja ba shaida ba ce," in ji shi. "A dubi kunne."

Jibo ya fara zufa, don kunnen akuyarsa dogo ne har wuya. Gado ya sunkuyar da kai, kada a ga haƙoransa.

Sai tsoho Mato, ɗaya daga cikin dattawan, ya miƙa sanda.

"Waccan fa? Ja ce, kunnenta guntu, ga farin ƙafa irin na ƙaramar. Ta Gado kunne kawai ta kama. Ta wa ce?"

Maliki yana can baya da finjalin gahawa. Ya kurɓa tukuna.

"Tawa ce, baba."

Dattawa suka duba, suka ce wallahi kamar an tsaga kara. Aka ba Maliki 'yar akuyar, aka shafa fatiha.

Maliki ya dafa kafaɗar Gado.

"Kai ka kawo su, kai za ka mayar. Ka lura da ƙaramar, ba ta san hanyar gidan ba."