Naira Biyu a Baki

Guduma na hannun Badaru lokacin da Datti, heluman da ke kula da leburori, ya busa usur. Leburori talatin da ke fasa dutse a sabuwar hanyar Gaya zuwa Ajingi suka taru a gindin marke, gumi na tsiyaya.

"Gobe jami'in ƙwadago zai zo daga Kano," in ji Datti. "Duk wanda aka tambaya, naira biyu ake biyansa a wuni. Wanda kuma bakinsa ke ƙaiƙayi, ga masu jira can."

Ya nuna bakin hanya, inda magidanta fiye da ashirin daga Kademi ke tsugune tun hantsi, suna jiran wani ya kasa.

Sule takwas ake ba Badaru. Ya ji an ce gwamnati ta hana a biya lebura ƙasa da naira biyu, amma fari ya cinye shanunsa shekara biyu da suka wuce, gero bai yi ba, baki bakwai ke jiran gudumar nan.

* * *

Jami'in ya iso da azahar. Saurayi ne mai suna Hadi, ɗan shiru-shiru. Ɗan kwangilar hanyar ya sa an yanka masa rago, amma Hadi bai ko dubi tiren naman ba. Ya riƙa kiran leburori ɗaya bayan ɗaya, Datti na tsaye nesa kaɗan yana sakace.

Da aka zo kan Badaru, Hadi ya ce, "Baba, nawa ake biyanka?"

"Naira biyu, ranka ya daɗe."

Hadi ya dubi tafin hannun Badaru da ya tsattsage, ya rage murya. "Na san ba haka ba ne. Amma doka ba ta aiki da abin da na sani, sai da abin da aka faɗa mini. Mutum ɗaya kawai nake nema."

Gaskiyar ta taso har maƙogwaron Badaru. In ya faɗa, takarda za ta tafi Kano ta yi watanni, shi kuwa kafin la'asar gudumarsa na hannun wani.

"Ɗana, kai yau za ka koma Kano?"

"Yau."

"To, naira biyu ce."

Badaru ya dangwala yatsa a takardar jami'in. Hadi ya daɗe yana kallon takardar kafin ya kira na gaba.

* * *

Ranar biya aka zare wa kowa sule biyu. Kuɗin ragon baƙo, in ji Datti.

Hajo, matar Badaru, na dama kunu ya zuba mata kuɗin a faifai. Tun shekaranjiya maƙwabta ke yi mata barka, wai an yi wa leburori ƙari, yanzu naira biyu ake biyansu.

"Malam, ina ƙarin?"

"Yana Kano."

Ta dubi yaran da suka jeru da ƙoƙunansu, ta miƙa hannu randa, ta ƙara wa kunun ruwa moɗa biyu.