Fuskar da Ta Ƙi Fitowa a Salular Inna

Zakariya'u shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki a Sabon Gari cikin Maraɗi, daga shi sai kwamfuta da fanka mai ƙara. Aikinsa haɗa manhaja. In ya fara bayanin aikin ga maƙwabta, kafin ya kai tsakiya kowa ya tuna yana da uzuri.

Innarsa tana Tsibiri, ba ta karatu, idonta kuma ya fara rauni. Shi ya sa ya haɗa mata manhajar kira. Dabarar ta burge shi ƙwarai: a ciki kowane mutum lamba ce kawai, sai a rataya wa lambar abubuwa, hoto daban, lambar waya daban, muryar Inna tana faɗin sunan daban. Allon kuwa ba a zana shi da hannu. Ƙa'ida ɗaya ya rubuta, cewa duk mai hoto da lamba da murya ya fito, allo ya jera su da kansa. Ya bar wa ƙanwarsa Balkisu ɗaukar muryoyin, ya hau kabu-kabu ya dawo Maraɗi yana jin kansa.

To, sai me? Mako uku shiru. Balkisu ta ce kullum Inna na kiranta a Jiratawa. Gado, autansu, har ƙorafi yake kiran ya yi yawa. Shi kuwa Zakariya'u ko sau ɗaya. Yakan aje salula kusa da kwanon tuwo, tuwon ya huce, salular ba ta motsa ba. Wallahi abin ya ci masa rai, don kiran nan nata shi ne abin da ya yi aikin dominsa.

Ran Juma'a ya tafi Tsibiri. Inna ta amsa gaisuwarsa tana kallon gefe, kamar kullum, ta shige ɗaki. Ya ɗauki salularta. Ga Balkisu, ga Gado, ga kawu Ilyasu, har da mai kawo mata itace. Shi babu. Ko gurbi allon bai bar masa ba, fuskokin sun matso sun cike wurin.

Ya kira Balkisu. Ta ce, "Haba Yaya, kai da iliminka! Kai ne fa ɗan fari. Yaushe Inna ta taɓa faɗin sunanka? Na miƙa mata ta faɗa, ta rufe baki da gyale ta tashi."

Lambarsa tana ciki, hotonsa yana ciki, muryar ce babu, ƙa'idar da ya rubuta da hannunsa ta ɓoye shi.

Balkisu ta ƙara da cewa, "Sau biyu tana tambayata, wai na wancan ɗin bai shiga ba? Kunya ta hana ta gaya maka."

Ya zauna bakin rumbu, ya buɗe kwamfuta, ya goge sharaɗin muryar. Kalma biyu ce tak. Fuskarsa ta fito a ƙarshen layi, bayan mai itace. Ya aje salular kan tabarmarta, ya koma Maraɗi.

Washegari da azahar yana ɗakinsa, salula ta yi ƙara. Ya ɗauka. Sai ya ji numfashin Inna.

Sannan ta ce, "Kai. Ka ci abinci?"

Ya dubi kwanon da ya huce, ya jawo shi gabansa, ya ce, "Yanzu nake ci, Inna."