Zuma a Cikin Silin

Wata takwas ƙudan zuma suka yi a cikin silin ɗakina ba su taɓa kowa ba. Ta wata 'yar kafa da ke ƙarƙashin kwano, ta bayan ɗaki, suke shiga suna fita, idan rana ta take sai ka ji gunjinsu a saman kanka kamar injin niƙa daga nesa. Gidanmu a tsakiyar Gwandu yake, ba bakin daji ba, amma tun da aka sare itatuwan bayan unguwa aka jera shaguna, kowace halitta ta nemi inda za ta raɓa. Jemagu suka koma mangwaron maƙwabta, damo ya tare a kwatarmu, mu kuma rabonmu ya faɗa kan zuma. Na yi magana har bakina ya gaji a kira mai cire su. Mijina, Malam Abdulrazak, malamin firamare ne, kuma irin mutanen nan ne da komai ka kawo musu sai su ce za a yi. Uwarsa, Inna Azumi, wadda muke gida ɗaya da ita, cewa ta yi arziki ne ya sauka, ba a korar arziki.

Sai bazara ta shigo da ƙyanda. Gida uku a layinmu ta kwantar da yara kafin ta zo kan Rumaisa, 'yata mai shekara huɗu, wadda ita kaɗai gare ni. Jiki ya yi zafi, idanu suka yi ja, ƙuraje suka feso daga bayan kunne har ciki. Na ce mu tafi asibiti. Inna ta dube ni kamar na ce mu kai ta kasuwa mu sayar. A wurinta ƙyanda ba ta son iska, ba ta son ruwa, idan ta sha iska sai ta koma ciki ta kashe yaro. 'Ya'ya bakwai ta raina a haka, in ji ta, ni 'yar Kalgo mai ɗiya guda zan koya mata? Ba ta taɓa lissafawa da ukun da ta binne ba.

Ta toshe taga da tsumma, ta rataya bargo a ƙofa. Ɗakin ya koma tanda. Sau biyu tana kama ni na zare tsumman ina yi wa yarinya fifita, a na biyun ma har da jiƙaƙƙen ƙyalle a hannuna. Ba ta yi dogon faɗa ba. Kwaɗo ta ɗauko ta datse ɗakin, ta ƙulle makullin a haɓar zaninta. Daga ranar ba na shiga wurin 'yata sai Inna ta buɗe, kuma tana tsaye a kaina har in gama ba ta kunu. Na kai ƙara wurin Malam, ya ce in yi haƙuri, tsohuwa ce, kwana nawa ne. Wallahi a ranar na tsane shi, tsana irin wadda ban san ina da ita ba.

Rana ta huɗu tari ya sarƙe Rumaisa, ko ruwa ta haɗiya sai ta yi kuka. Inna ta ce zuma ce maganinsa, ga ta kuwa Allah ya ajiye mana a saman kai. Malam ya kira wani Basharu, mutumin Dodoru mai amya da yawa. Wayar Malam ta lalace, sai a bayyane take magana, saboda haka duk abin da mutumin ya faɗa a kunnena ya faɗa. Ya ce zai zo jibi bayan isha'i, domin ba a taɓa zuma da rana, balle a wannan zafi, kuma kafin ya zo a kwashe kowa daga ɗakin. Inna ta ji jibi, ta taɓe baki. Ta ce da uban Malam yana raye da tuni ya hau ya ɗebo, amma yanzu an bar ta da masu riƙe alli. Na ga kunnuwan Malam sun motsa.

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Wajen ƙarfe sha biyu ina tsakar gida ina surfen gero, sai ga shi da tsani a kafaɗa, da tsohon buhu, da kwalbar kananzir. Na ajiye taɓarya na ce a buɗe in fito da yarinya tukuna.

"Ba ta hita," in ji Inna daga kan tabarmarta. "Iska za ki ba ta? Ta bayan ɗaki za shi hau, mi ya haɗa ta da su?"

Malam ya ce minti biyar ne. Har da yi mini bayani, irin na malamai. Wai yana yaro a gonarsu ta Malisa ya sha turara gafiya: ka cusa wuta a bakin rami, ka toshe, hayaƙi ya bugar da abin da ke ciki, sannan ka tona ka ɗauka. Haka zai yi, in sun bugu ya ɗaga kwano ya yanko saƙa. Na ce zuma ba gafiya ba ce. Ya ce in koma kan turmina. Karambanin akuya, gai da kura, haka na faɗa a raina, kuma har gobe ina cizon yatsa da ban kwantar da tsanin nan na zauna a kansa ba.

Ya zagaya baya. Na ji ƙarar ashana, na ji warin kananzir. Gunjin da na saba ji ya canza, ya yi kauri, kwanon ɗakin kansa ya ɗauki rawa. Can sai Malam ya ƙwalla salati, tsani ya kife, na ji faɗuwarsa tim, na ji gudunsa ya yi waje. Ƙudan zuman da suka dawo daga kiwo sun tarar an toshe musu ƙofa, suka huce a kan duk abin da ke motsi. Kafin in ɗaga kai sun rufe tsakar gida. Akuyarmu da ke ɗaure a turke ta fara wani irin kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba, tana tsalle igiya tana fizgo ta, tana faɗuwa tana tashi. Kaji suka watse. A waje na ji jarkokin mai ruwa suna zubewa, mata suna kiran 'ya'yansu, ƙofofi suna bugawa ɗaya bayan ɗaya. Inna, mai ciwon gwiwar da ko buta sai an miƙa mata, ta tashi da gudu ta faɗa bayi ta ja ƙyauren kwano.

A cikin wannan hargitsi na ji muryar Rumaisa. Ba kukan ciwo ba ne, na san kukan ciwonta. Sai a lokacin na tuna kusurwar silin da ruwan bara ya ɓantare, daidai saman gadonta. Malam ya toshe musu hanyar waje, ya cika su da hayaƙi. Hanya ɗaya ta rage musu, ita ce cikin ɗakin da aka toshe tagarsa aka datse ƙofarsa.

Na ruga bayi na daki ƙyauren. "Inna, makulli! Suna ciki, suna kan ɗiyata!"

Ta ce ba ta iya buɗewa, za su shigo. Na fizgi ƙyauren da hannu biyu, ƙusar ta fita, gefen kwanon ya yanke mini tafin hannu. Tana tsugune ta lulluɓe kai. Na damƙi zaninta na ja, ta faɗi a kan dutsen wanka, na bi haɓar zanin ina lalube. Ƙullin ya ɗaure tamau, hannuna jini, yana santsi, zuma na harbina a wuya da fatar ido. Na sa haƙori ban iya kwancewa ba. Ita kuwa sai dukana take yi a ka tana cewa zan kashe ta. Tsohuwa ce, uwar mijina ce, amma a lokacin da wuƙa ce a hannuna ban san iyakar abin da zan yanka ba. Na sake ta na koma na ɗauki taɓarya.

Dukan farko a kan kwaɗon ya sauka, taɓaryar ta dawo ta fasa mini leɓe. Na biyu ya goce. Na bar kwaɗon na koma kan katakon da aka kafa ƙarfen a jiki, na dinga kirɓa shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Sun shiga hancina, sun shiga kunnena, ina jin su suna yawo a ƙarƙashin ɗankwali. Ban tsaya kore ko ɗaya ba. Abin da nake saurare kawai muryar Rumaisa, kuma tana raguwa. A duka na shida ko na bakwai katakon ya tsage, na sa kafaɗa na banke ƙofar, na faɗa ciki tare da bargon.

Hayaƙi ya cika ɗakin, duhu, ga zafi. Ba ta kan gado. Da hannu na lalubo ta a bayan ƙofa, inda ta rarrafo tana neman fita, ashe da ƙofar na buge ta. Gashinta cike yake da su, fuskarta ma haka. Na shafe su da tafin hannuna mai jini, na murƙushe na cikin gashin, na kwance zanina na naɗe ta tun daga kai har ƙafa. Na rungume ta a ƙirji na duƙa a kanta, na bar musu bayana. Suka kuwa karɓa. Na fita a duƙe, daga ni sai siket da 'yar riga. Na tsallake akuyar, ta daina motsi, harshenta a waje, igiya ta shaƙe ta.

Layinmu babu kowa. Duk ƙofar da na buga a rufe take, ina jin mutane a bayanta suna salati, babu wanda ya buɗe. A zauren maƙwabcinmu na jiyo muryar Malam yana tambaya ko ni ce, yana cewa in kwanta a ƙasa kada in yi gudu. Na yi ta gudu har bakin titi, suna bina, idona na dama ya riga ya rufe. Wani ɗan kabu-kabu da ya ga mace ba zani tana tangaɗi ya tsaya, shi ma ya sha harbi biyu kafin mu tashi. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ko sunansa ban sani ba.

A asibiti suka karɓe ta daga hannuna da ƙyar, don yatsuna sun ƙi buɗewa. Na ji ana cewa numfashi, ana cewa allura, sai ƙasa ta taso ta same ni. Ban farka ba sai da hantsin washegari. Wata ma'aikaciya mai suna Hajara ta ce sun cire wa yarinya ƙarin zuma arba'in da wani abu, nawa kuwa sun gaji da ƙirgawa. Ta ce Rumaisa ta tsallake, an sa mata ruwa, har ta sha shayi. Na ce a kai ni. Abin da ya fito daga bakina ba magana ba ce, wani gurnani ne, don harshena da leɓɓana duk sun kumbura. Ta fahimta dai, ta kama ni muka tafi.

Da ɗan tsagin da ya rage a idona na hagu na gan ta, tana zaune a kan gado, ƙurajen sun fara bushewa, goshinta da kullutu inda ƙofa ta same ta. Daɗi ya kama ni. Na zauna a bakin gadon na jawo ta jikina.

Ta ɗaga kai ta dube ni, sai ta ƙwalla ƙara. Ta dinga dukan fuskata da hannun da babu allura, tana shure-shure, tana kiran Mama, Mama ta zo ta ɗauke ta. Na ce ni ce. Gurnanin ya ƙara firgita ta, ta cije ni a hannu daidai inda aka ɗinke mini yankan kwano.

Daidai nan Malam ya shigo da ledar lemo, fes da shi cikin farar riga, kunnensa ɗaya ne kawai ya ɗan tasa. Tana ganinsa ta miƙa hannu tana kuka.

"Baba, ɗauke ni. Dodo ya kama ni."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa dubana. Ita kuwa tana ta fizga, robar ruwan da ke hannunta tana neman tsinkewa. Sai da ya matso na ɗaga ta da hannayen nan nawa da suka yi suntum, na miƙa masa ita. Ta cusa kai a wuyansa ta daina kuka, tana ajiyar zuciya, tana tambayarsa ina Mama ta tafi ta bar ta.