Hajiya Rakiya Mai Tsaron Gida

Ranar da Hajiya Rakiya ta dawo Sokode daga Kanada, rabin matan unguwar Didawure sun taru a tsakar gidanta jiran tsaraba. Ta daɗe can wajen 'yarta Farida da ta haihu, kuma kowa ya ga doguwar jakar da aka sauko da ita daga kan motar Lome, wadda sai da ƙarti biyu suka kama. Jumma maƙwabciyarta, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, ta ce lalle darduma ce. Da aka zuge jakar, sai ga sanduna masu lanƙwasasshen baki, da hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, da wasu matasai biyu masu maɗauri.

"Waɗannan a ƙafa ake ɗaura su," in ji Hajiya.

Mijinta Malam Lado, wanda yake karantarwa a zaure, ya ɗauki sanda ɗaya ya jujjuya ta, ya gwada dogarawa, ya ga ta yi masa tsawo.

"Hajiya, ta kashe maciji ce?"

"Ta wasa ce, Malam."

"Wa zai yi wasan?"

"Ni."

Malam ya ajiye sandar a hankali, ya ɗauki buta ya tafi alwala, alhali lokacin salla da saura.

Abin da ya faru a Kanada shi ne, sanyi ya kulle ta a ɗaki. Jariri barci, Farida barci, miji wurin aiki, ita kuwa matar da ta saba tun asuba tana kan tukunyar shinkafa da wake a bakin kasuwa, ta koma kallon taga. Wata tsohuwar Baturiya da ke maƙwabtaka da su ta lura da ita, rannan ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ta zo su je wani wuri. Ta kai ta wani ƙaton ɗaki da aka daskarar da ruwa a ƙasansa, inda matan da ba su taɓa wasan hoki ba suke koyo. Akwai kakanni, akwai ma'aikatan asibiti, har da wata 'yar Maroko da ke ɗora hular kwano a kan hijabi. Aka sa wa Hajiya takalmi mai wuƙa a ƙasa, ta taka ƙanƙara, ta zauna ba da niyya ba. Aka ɗaga ta, ta sake zama. Da suka ga ba ta gaba ba ta baya, sai suka tura ta bakin raga suka ce ta tsaya nan, duk abin da ya zo ta tare. Ashe an kai ta wurinta. Duk sati sai ta je, kuma da za ta taho, matan suka haɗa mata tsofaffin sandunansu da kayan tsaron gida.

A Sokode ta koma kan tukunyarta kamar da. Sai dai da yamma, in ta gama wanke-wanke, jikinta yakan yi ta neman wani abu. Tana kewar ƙarar sanda a kan ƙanƙara, da wannan lokacin da mutum ke tahowa kanta a guje, duk duniya ta yi tsit sai ita da ɗan baƙin faifan roba. Ba ta da wanda za ta gaya wa wannan, don haka ta gaya wa Jumma, ita ma a taƙaice.

Jumma ta ce, "In dai ƙanƙara ce, Yaya, ai sana'ata ce."

Suka kwashe duk abin da ke cikin firiza biyu suka jera a tsakar gida. Kafin Hajiya ta gama ɗaure matashin ƙafar hagu, tsakar gida ta zama tafki. Agwagin Malam suka ji daɗin ranar. Ba a sake maganar ƙanƙara ba.

Ƙanen Hajiya, Alhaji Kamal, yana da sito inda yake tara kashu, kuma in kaka ta wuce babu komai a ciki sai sumul ɗin siminti. Ya ba da mabuɗi bai tambayi dalili ba, don tun suna yara ya koyi haka. Faifan roba ya ƙi tafiya a kan siminti, aka koma ƙwallon goruba. Aka yi raga da kujerun makaranta biyu. Wadda ta fara zuwa bayan Jumma ita ce Bara'atu matar Sarkin Fawa, wadda ta ce kallo kawai ta zo yi. Aka ba ta sanda ta riƙe, ta ɗaga ta doki gorubar, gorubar ta fasa kwanon rufi ta fita. Aka ce ta zauna a ƙungiya. Bayanta Hamida mai ɗinki ta zo da 'yan koyonta, sai wata ungozoma, sai 'yan mata biyu daga lakwal, wato makarantar boko. Hular kwano kowa ta aro ta miji ko ta ɗa, har masu zemijan na unguwa, wato 'yan acaɓa, suka fara ɓoye nasu ranar wasa.

Magana ta kai masallaci. Dattawa suka zo zaure suka sami Malam Lado, suka gaisa, suka yi kewaye-kewaye, sannan ɗaya ya tambayi hukuncin abin da mata ke yi a siton Alhaji Kamal.

Malam ya ce, "Na duba. Ban ga inda aka hana ba, ban kuma ga inda aka san da shi ba. Da hijabinsu suke yi, ƙofa a rufe, suna tsayawa su yi la'asar. Ƙari kuma, tun da aka fara, Hajiya ba ta da sauran ƙarfin yi mini faɗa in ta dawo."

Dattawa suka yi sallama suka tafi. Sati na gaba matan biyu daga cikinsu suka bayyana a sito.

Hamida ce ta ɗauki wasan a waya ta aika wa Farida, daga nan hoton ya yi ta yawo har ya isa Dapaong, can arewa. Rannan Hajiya tana zuba wa wani mai saye miya, wayarta ta yi ƙara. Wata mata ce, ta fara da Faransanci, da ta ji ba a amsa sosai ba ta juya Hausar kasuwa.

"Hajiya, kai ne mai sanda?"

"Ni ce. Wa ke magana?"

"Madam Zenabu, malamin wasanni a lise, makarantar sakandare na Dapaong. Yarinya na suna da takalmi mai taya, amma sanda babu. Muna buga da ƙotar tsintsiya. Ku kuna da sanda, taya babu. Ka zo mu yi wasa."

Hajiya ta ce za ta yi shawara da maigida. Da daddare ta gaya wa Malam ranar da za su tafi.

Suka cika ƙaramar bas ɗaya, sanduna a kan cinya, kwandon tubani a baya. Jumma ta yi amai a hawan Aledjo, Bara'atu ta yi barci har Kara. Bayan Mango aka tsayar da su a shinge. Wani soja ya leƙo, ya ga mata cike da mota kowace da hular kwano da sanda, ya gaishe su da ladabi ya tambayi inda za su.

"Wasan ƙanƙara," in ji Hajiya.

Sojan ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi kwalta da ke tururi, ya sake duban Hajiya.

"A Dapaong, Mama?"

"A Dapaong."

Ya kira abokin aikinsa, suka ɗauki sanda ɗaya suka auna nauyinta, suka leƙa kwandon tubani, suka yi musu fatan nasara.

A filin kwando na makarantar aka yi wasan. 'Yan matan Madam Zenabu suka fito a kan taya, sirara, suna zagaye filin kamar ba ƙasa suke takawa ba. Matan Sokode suka tsaya tsakiya da takalman kambas suna juya wuya. Aka raba sanduna biyu, kowane ɓangare rabi. Ɗalibai suka cika gefen fili, masu sayar da ruwa suka zo, wani tsoho ya kawo kujerarsa daga gida. Hajiya ta ɗaure matasanta, ta sa hular raga, ta tsaya bakin gida. Kayan an yi su ne don ɗakin sanyi. Kafin a hura usur, gumi ya riga ya isa cikin takalminta.

Aka fara. 'Yan Dapaong sun iya gudu, amma ba su saba da sanda mai baki ba, sai su wuce su bar gorubar a baya. Matan Sokode sun iya sanda, amma kafin su isa inda gorubar take, an daɗe da barin wurin. Bara'atu ta sami bugu ɗaya mai kyau, mai tsaron gidan Dapaong ta ga abin da ke tahowa ta matsa gefe don kanta, 'yan Sokode suka yi guɗa. Daga nan 'yan matan suka gane yadda ake riƙe sanda, sauran wasan kuma ya koma gaban Hajiya.

Ta tare da ƙafa, ta tare da ciki, ta tare da hula. Waɗansu suka wuce. Madam Zenabu tana ƙirga ci da alli a jikin bango, can ta dubi farin gashin da ya leƙo daga hijabin Hajiya, ta sa allin a aljihu.

Akwai wata 'yar ƙarama cikinsu, Anisa, wadda ta fi kowa gudu kuma ba ta gama koyon tsayawa ba. Ta ƙwace gorubar daga Jumma tun tsakiyar fili, ta kewaye Hamida, ta miƙo ita kaɗai. Hajiya ta durƙusa kaɗan, ta buɗe hannuwa. Ihun ɗalibai ya ɗauke mata, zafi ya ɗauke, ba ta ganin komai sai bakin sandar yarinyar. Abin da ta zo nema ke nan tun daga Sokode. Anisa ta buga, Hajiya ta faɗa kan gorubar, Anisa ta faɗa kan Hajiya, kujerun raga suka faɗa kan su duka.

Aka rugo. Aka zare Anisa lafiya lau, tana ba da haƙuri da Faransanci da yarensu na Moba. Hajiya tana kwance rigingine, gorubar a hannunta.

"Yaya, kin karye?" in ji Jumma.

"Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba."

"To ku bar ni tukuna. Akwai 'yar iska a nan ƙasa."

Bayan wasa aka zauna ƙarƙashin bishiyar darbejiya, aka buɗe tubani, Madam Zenabu ta sa aka kawo gasassun zabi. Anisa ta matso kusa da Hajiya tana taimaka mata kwance maɗauri. Ta jima tana shafa matashin kafin ta yi magana.

"Mama, ƙanƙarar gaske, yaya yake?"

Hajiya ta yi tunani. Ba ta taɓa bayyana wa kowa ba.

"Kin san in kin taka sabulu a banɗaki, wannan ɗan lokacin kafin ki faɗi? To haka, amma ba ya ƙarewa. Ni dai ban taɓa wuce ɗan lokacin ba. Ke kuwa da za a kai ki, ba mai kama ki."

Anisa ta sunkuyar da kai tana murmushi. Hajiya ta ga yadda yarinyar ke riƙe da sandar aro a cinya, ba ta ajiye ba ko da za ta ci abinci. Da aka zo loda kaya, ta ce wa Madam Zenabu rabin sandunan su zauna a Dapaong. Madam Zenabu ta rasa Hausar godiya, ta shiga ofis ta fito da takalman taya ƙafa uku da suka yi wa 'yan matanta girma, ta ce a tafi da su Sokode. Jumma ta karɓe ɗaya tun kafin a yi rabo.

Suka iso gida washegari da hantsi. Malam Lado yana zaune ƙofar zaure, ya ga matarsa ta sauko daga mota tana ɗingishi.

"Sannu da hanya, Hajiya. Kun ci?"

"An ci mu."

"Da yawa?"

"An daina ƙirgawa."

"Ba ke ce mai tsaron gidan ba?"

"Ni ce. Da wata ce, da har yanzu ana ci." Ta zauna a kan dakali ta miƙe ƙafa. "Za su zo mu rama bayan ƙaramar salla. A nan gidan za su sauka, su da malamarsu. Sai ka san yadda za ka yi da zaure."

Malam ya leƙa cikin zauren. Yana cikin tunanin inda zai kai allunan, sai suka ji wata ƙara daga gidan Jumma. Ta ɗaura takalman taya a tsakar gidanta don gwaji, ƙofa a buɗe, titin kuma gangare ne har kasuwa. Ta fito tsaye ƙyam, hannuwa a ware, hijabi na kaɗawa, ta zo daidai zaure.

"Ina kwana, Malam."

"Lafiya lau, Jumma. Ina zuwa?"

"Ban sani ba tukuna," in ji ta, ta wuce.

Hajiya ta bi ta da kallo har ta sha kwanar masu kifi, sannan ta ce wa Hamida ta bi ta a kan babur, ta tafi da hular kwano. Wani mai kifi ne ya tare Jumma, kuma ba a sami asarar komai ba sai tire ɗaya. Ranar wasa ta gaba Jumma ta zo sito da takalmanta a hannu, ta ce a fara koya mata tsayawa.