Jar Hular Marjan

Bashira na cikin dama wa maƙwabcinta Na'ibi kunu ta ji tsayuwar tasi a bakin lungu. Ko ba ta leƙa ba ta san Abdulghaffar ne, mai 'yan wasan ban dariya na bukukuwan unguwar Balad, domin turarensa kan riga shi shiga gida. Abin da ya ɗaga mata hankali shi ne ɗanta Haladu da ya biyo bayansa yana washe baki.

Duk unguwar Ruwais an san Na'ibi da sunan Marjan, bawan wasa mai jar hula, wanda ake shafa wa alli a leɓe, ya zare ido, ya faɗi da tiren shayi, manyan gari su yi ta ƙyaƙyatawa. Da wannan ya ci abinci tun yana saurayi. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ga mai wasa ya zo neman magaji.

"Ya ammi, Allah ya ba ka lafiya," in ji Abdulghaffar da Larabci, yana kiran Na'ibi baffa. "Hular muke so. Haladu ya yarda, kuma launinsa ya dace, ba sai mun shafa wa wani gawayi ba."

Bashira ta dire kwano. "Ɗan nawa?"

"Aiki ne, yumma," in ji Haladu, yana amsa wa uwarsa da Larabci. "Mutane suna son Marjan. Halas, shi ke nan."

Na'ibi ya ce a tashe shi zaune. "Ba a ba da hula sai an koya. Miƙo allin."

Ran Bashira ya ɓaci, ta ɗauka tsohon ya sayar da ita. Na'ibi ya shafa wa leɓensa allin, ya ɗora hular a kansa, ya dafa bango ya miƙe. Sai ya zare ido, ya karkace baki, ya shiga rusunawa yana "Hadir, ya sidi, hadir," wato "To, ranka ya daɗe," da ɓataccen Larabcin da bai taɓa yi a gida ba, shi da ke karanta wa unguwa jarida. Ya ɗauki tire, ya yi tuntuɓen nan nasa, ya zube. Babu ganga, babu taro, sai ƙarar tire da ke juyi a kan siminti da numfashin tsoho.

"Yalla, yi dariya mana," ya ce wa Haladu daga ƙasa. "A nan ake yi. Sannan ango ya zo ya shure ka, a nan, gefen haƙarƙari. Abdulghaffar, nuna masa."

Abdulghaffar ya dubi takalminsa, ya tuna wai ana jiransa a unguwar Ammariyya. Ko sallama bai ƙarasa ba.

Haladu ya durƙusa ya ɗauki tsohon cak ya mayar kan gado. Ya cire masa hular ya miƙa wa uwarsa.

"Ba na so," ya ce, da Hausar da ba kasafai yake yi ba.

Bashira ta ji guɗa ta taso mata har maƙogwaro, da ƙyar ta haɗiye ta. Na'ibi kuwa dariya yake, tasa ta gaskiya, mara sauti, har da hawaye.

"Wannan ne wasan da na fi iyawa," ya ce.

Ranar Juma'a da hantsi Na'ibi ya cika. Da maza suka fito da shi, Haladu na gaban makara. Bashira ta tsaya bakin murhu tana tafasa wa masu gaisuwa shayi, wutar na ci da jan ƙyallen hular a ƙarƙashin buta.