Huda a Cibiyar Yaya Juwairiyya

"A hankali, Kubra! Da fatar za ki haɗa?"

Na tsaya da gefen filastar a hannuna. Yaya Juwairiyya tana kwance rigingine kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta naɗe riga zuwa ƙirji. Na jiƙa auduga da ruwan gishirin da na tafasa, na yi ta dannawa har filastar ta saki. Sai wari ya taso.

"Yaya, yau ruwan ya canja. Jiya fari ne, yau rawaya. Ga gefen ya yi ja, ya yi tauri."

"Goge ki rufe. Mota za ta tafi ta bar ni."

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanina da ita a Birnin Kudu. Ta girme ni da shekara takwas. Ƙuli-ƙuli take yi, kuma kaf layinmu babu macen da ta kai ta ƙarfin hannu. Da ciwon ciki ya matsa mata aka ce duwatsu ne a matsarmama, mijinta Malam Munzali ya kai ta Kano, ni na bi su jinya. Ba a tsaga ta ba. Huda huɗu aka yi mata, ƙanana, ta cibiya aka zura abin da ke haska musu ciki. Kwana biyu aka sallame mu. Duk macen da ta zo dubiya sai ta ɗaga riga ta nuna mata.

"Kun gani? Wai wannan ce tiyatar. Ai yankan wuƙa a kicin ya fi wannan."

Uku sun warke cikin mako guda. Ta cibiyar ce ta ƙi. Ma'aikaciyar jinya ta koya min yadda zan wanke in rufe, ta kuma ja kunnenmu: tunda tana da ciwon suga, in an ga ja ko wari ko zazzaɓi a tafi asibiti a ranar, kuma kada ta ɗaga abu mai nauyi sai bayan wata ɗaya da rabi.

A ranar, kwana goma sha shida ke nan da aikin. Da sassafe aka bugo waya daga Gwaram cewa 'yarta Zahara'u ta haihu, saura mako uku lokacin da ake tsammani. Uwar mijin Zahara'u ta rasu tuni, gidan babu babbar mace.

"Mu biya asibiti tukuna," na ce. "Ga shi nan kusa. A duba, sai ki hau motar la'asar."

"In na shiga sai sun kwantar da ni. Wa zai yi wa yarinyar nan wanka? Bayan suna ni da ƙafata zan je."

"To in faɗa wa Malam."

Ta ɗago kai ta dube ni. "Ki faɗa masa me? Ɗan abin da yatsa ɗaya zai rufe?"

Ban faɗa masa ba. Na zuba auduga da filasta da gishiri a leda, na cusa mata a jaka. Ni na riƙe mata jakar har bakin titi.

Sau biyu na kira ta cikin makon. Na farko ta ce wurin ya fara bushewa. Na biyu Zahara'u ce ta ɗauka, ta ce Umma tana wajen murhu tana sauke ruwan wanka.

Ranar suna mu mata shida muka cika mota daga layinmu. Maza sun riga mu tun da safe. A ƙofar gidan muka haɗu da Malam Munzali ana rabon goro, na tambaye shi ya jikin Yaya.

"Lafiya lau. Daga bakin ƙofa muka gaisa, ta ce gajiya ce."

Tsakar gida cike da mata, tukwane uku a wuta. Na dudduba ban gan ta ba. Macen da ba ta iya zama in ana girki, a ce yau sunan jikarta babu ita a bakin murhu? Zahara'u ta fito da jaririya a kafaɗa, ta ja ni gefe.

"Inna Kubra, gara da kika zo. Kwana uku Umma tana amai. Ko ruwa ba ya zama. Ta ce maleriya ce, ta hana ni in faɗa wa Baba, wai kada a ɓata taro."

Tana ƙuryar ɗaki kan katifa, ta lulluɓe da zani biyu cikin wannan zafin. Da ta juyo sai na ja baya. Idanun sun faɗa, leɓe ya tsage, fuskar ta koma kamar toka. Cikin kwana bakwai.

"Kin zo?" ta ce. "An ba ku abinci?"

Na yaye zanin. Cikin ya kumbura kamar na mai wata bakwai. Ta ɗaure cibiyar tamau da ɗankwali. Da na kwance, na ga wani ƙullutu kamar ƙwan agwagwa ya turo ɗinkin, fatar kansa ta yi baƙi-baƙi, mugunya tana tsattsafowa ta ƙasa. Na taɓa da kan yatsa, ta yi ƙarar da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, tun yaushe?"

"Ranar Litinin. Ina sauke tukunya na ji wani abu ya ɓalle. Na tura shi ya koma. Washegari ya ƙi komawa."

Ban san lokacin da na fito tsakar gida babu mayafi ba. Na ratsa matan har zaure ina kiran Malam Munzali. Ya shigo da goro a hannunsa. Ya duba sau ɗaya, goron ya zube, ya jingina da bango.

"Ɗazu fa ta ce min lafiya lau," yake ta faɗa. "Ɗazu-ɗazun nan."

Musbahu, mijin Zahara'u, shi ya samo mota. Mata huɗu muka ɗauke ta a zani, muka wuce ta gaban tukwanen, masu girki suka tsaya cak da ludayi a hannu. Zahara'u ta biyo mu har zaure tana kuka, aka riƙe ta.

A hanya kanta yana cinyata. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta damƙe hannuna. Ko'ina an yanke gero, mutane suna ta ɗaurin dami. Ta buɗe ido.

"Kubra."

"Na'am, Yaya."

"Ruwan wankan yamma. Ki ce a sa wa Zahara'u ganyen darbejiya. Kada su bari ya huce."

"Zan faɗa."

"In an tambaya, ki ce ni na hana ki."

Daga nan ba ta sake magana mai ma'ana ba.

A asibiti a Birnin Kudu ba su ɓata lokaci ba. Aka sa mata ruwa, aka shiga da ita tiyata kafin magariba. Likitan ya fito ya yi mana bayani a tsaye: ɗinkin ciki ne ya saki saboda ciwon ya ruɓe, hanji ya kutso ta hudar ya maƙale, ya mutu, guba ta shiga jini. Sun yanke inda ya lalace. Ya tambaya yaushe aka fara ganin mugunya. Malam Munzali ya ce bai sani ba.

"Kwana bakwai ke nan yau," na ce. "Ni na gani."

Malam ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba, a ranar ko bayanta.

Washegari da hantsi ta cika. Kafin azahar an kai ta. Matan da suka zo ta'aziyya su ne waɗanda ta ɗaga wa riga kwanakin baya. Kowacce ta zauna sai ta ce, "Wannan ɗan hudar? Wannan da muka gani?" Ni dai sai in gyaɗa kai.

Ranar sadakar uku, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, mutane suka watse da wuri. Ina naɗe tabarmi a tsakar gidanta sai iska ta kaɗo wani abu daga rufin rumfa ya faɗo a gabana. Kuɓewa ce. Na taka turmi na leƙa. Buhu ne a shimfiɗe, an danne kusurwoyinsa da duwatsu, kuɓewar da ta yanka ta shanya kafin ta tafi. Ta bushe ƙayau. Na tattara ta a faranti, na sauko, na tsaya a tsakiyar gidan da farantin a hannu. Ɗakinta a kulle, Malam yana zaure shi kaɗai. Ruwan ya fara sauka ɗis-ɗis a kan kwano.