Ranar da Impala Ta Kamo Bas ɗin Alhazai

Shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka shigo gari, duk wanda ka taɓa a Sakkwato zancen motar Fijo yake yi. Malaman makaranta Fijo, akawuna Fijo, har wanda bai san inda ake zura makulli ba ya je ya ba da suna yana jiran tasa. Maigandi mai atamfa ba ma'aikacin gwamnati ba ne, amma matan ma'aikatan sun yi ta kwasar kaya a rumfarsa har aljihunsa ya yi nauyi. Sai dai nauyin bai kai na sabuwar Fijo ba. Ga shi kuma da iyali: matarsa Zainaba, yara, da mahaifiyarsa Inna Kaltume, wadda ya biya wa kujerar Makka a wannan shekarar.

Illo bakanike, abokinsa na ƙuruciya, shi ya ja shi Sabon Gari wata Asabar. A bayan gareji, ƙarƙashin dogon yaro, ga wata shuɗiyar mota a kwance, doguwa kamar kwalekwale. Impala ce, ta wani Bature injiniya da ya gama aikin hanya zai koma ƙasarsu, yana neman mai raba shi da ita. Ba wanda ya ko taya. Kowa cewa yake ta cika girma, ta cika shan mai.

"Man nawa yake?" in ji Illo. "Shiga dai ka tashe ta ka ji, sannan mu yi magana."

Maigandi ya murɗa makulli. Motar ba ta yi tari ba, wani gurnani ta saki daga can ciki, wanda ya ji a ƙirjinsa kafin ya ji a kunne. Kajin da ke tono a gindin bishiya suka watse. Illo ya buɗe masa inji ya nuna silinda takwas, ya nuna kujerar gaba mai cin mutum uku a sake, da but ɗin da zai haɗiye dilar atamfa ya nemi ƙari. Maigandi yana gyaɗa kai kamar mai nazari, alhali tun gurnanin farko zuciyarsa ta riga ta tafi. Kafin la'asar an sallama masa, a kuɗin da ko kusa da na Fijo bai yi ba.

To, mutanen Ƙofar Marke kuwa, Allah ya yi su da baki. Motar ta ƙi shiga lungu, dole ya riƙa ajiye ta a bakin titi, daidai inda dattawa ke zama a dakali. Kafin magariba sun raɗa mata Jirgin Maigandi. Wani ya tambaye shi ko haɗe da gidan mai aka sayar masa. Wannan bai dame shi ba, dariya ma yake taya su. Abin da ya dame shi Inna ce. Sau ɗaya ta shiga, ya ɗan taɓa totur, ta dafe ƙirji ta ce a sauke ta.

"Wagga ba mota ba ta, aljana ta," in ji ta. "Ƙahwata ta ishe ni."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin rabin dalilin sayen motar don ita ne.

A lokacin daga Kano jirgin alhazai yake tashi, kuma an sanar bas ɗin da zai kai su can zai bar Sakkwato ranar Laraba da hantsi. Mai tafiya Makka kuwa ba ya barin gari sai ya bi dangi da maƙwabta gida gida ya nemi gafara. Inna Kaltume ta fara da wuri, amma ta daɗe a duniya, kuma bakinta bai taɓa iya riƙe magana ba, saboda haka gidajen da ke jiranta suna da yawa. Ranar Larabar, an ɗaure akwati, an sa a but, sai ta tuna ba ta yi ziyarar Hubbare ba. Kusa da Hubbaren kuma akwai wata tsohuwa, Uwani, da suka yi shekaru ba sa ga-maciji a kan wani turmi da aka ara aka maido a tsage.

Da ƙafa Inna ta tafi, ta ce yanzu za ta dawo. Tsofaffin nan suka yafi juna, suka sha kukansu. Sannan, ga abin haushi, suka miƙe ƙafa suka hau hira, har da dama fura!

Da Maigandi ya gano ta, bai tsaya neman izini ba, ya buɗe mata ƙofar baya kusa da Zainaba. Ta shiga ido a rufe tana salati. Suna isa inda bas ke tashi suka tarar da fili wayam, sai 'yan rakiya suna komawa gida. Wani ma'aikaci ya ce ai an daɗe da tafiya. Za a tsaya Gusau a ɗebi wasu, kuma duk kujerar da mai ita bai zo ba, a can za a ba wa masu jiran gurbi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Allah bai nuhwa ba," a hankali. Maigandi bai taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba, sai tsoro da tausayi suka kama shi.

"Inna," ya ce, "in kin yarda, muna kamo su."

Ta dubi doguwar motar daga kai har wutsiya. Sai ta buɗe ƙofar gaba da hannunta ta zauna.

Har suka wuce Shuni yana tafiya da ita a lallaɓe, yana satar kallonta. Wajen Dange wata babbar mota shaƙe da albasa ta tare hanya, tana tafiya tana nishi. Maigandi ya lafe a bayanta.

"Haka za mu bi mai albasa har Gusau?" in ji Inna. "Ina gurnanin da taka hana mu barci da shi daga bakin titi? Taka ta."

Ya taka ta kuwa. Gaban motar ya ɗaga, kujera ta ja bayansu ta manne, mai albasa ya koma ɗan ƙarami a madubi. Kwalta sabuwa ce fil, mota kuma kamar dama can abin da take jira ke nan tun da Baturen ya tafi. Ba girgiza, ba ƙara, sai bishiyoyi da ke wucewa fuu. Zainaba a baya tana salati tana dariya, ta rasa wanne za ta riƙe. A Tureta sojoji sun gitta itace a hanya, amma da suka hango doguwar mota ta taho da wannan isa, suka ɗauka wani babba ne, suka janye itacen suka ƙame. Inna Kaltume ta ɗaga musu hannu kamar ta saba.

Bayan Talata Mafara ta daina jan carbi, ta kafa ido a hanya. Ita ce ma ta fara hango shi, ana gab da Maru.

"Ga su can. Matsa musu oda."

Maigandi ya danna oda, ya kunna fitilu, ya sha gaban bas ɗin. Da alhazai suka ga wadda ta fito, bas ya ɗauki kabbara da dariya. Jagoransu ya sauko yana ta faɗa, amma da kansa ya ɗora akwatin a sama.

Inna ta sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ta tsaya ta juyo. Maigandi ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa doguwar magana a gaban mutane. Yanzu ma ba ta dube shi ba, motar ta duba.

"Kai wanga," ta ce, "na bi gari dut, ban zo gare ka ba. Ka yahe mani."

Maigandi ya durƙusa nan bakin kwalta. Ya ce ai shi ne mai neman gafara.

"Na yahe maka tun kana goye," in ji ta. Ta hau matakala ta biyu, ta ƙara da cewa, "In Allah ya maido mu lahiya, kak ka bari in shiga bas. Da wagga za ka taho Kano ka ɗauke ni."

Bas ya tashi. Maigandi yana durƙushe yana dariya, hawaye na bin gemunsa, har Zainaba ta fito ta miƙa masa bakin gyalenta.